Naɗin Alhaji a Garin Masu Giya

Mu uku muka tafi ƙasar Hungari daga Haɗejia, kuma a cikinmu mutum biyu ne kawai suka taɓa sa ƙafa a taɓon fadama. Ni ce ɗaya, Adila, malamar gona mai zagaya manoman shinkafa na wajen Auyo. Na biyu Kawu Shu'ibu ne, yayan mahaifiyata, wanda ya haura shekara arba'in yana noma da su a bakin kogi. Na ukun shi ne Alhaji Abdulganiyyu, shugaban ƙungiyar manoman fadama. Taki yake sayarwa a kasuwar Haɗejia, kuma iyakar saninsa da shinkafa shi ne a kawo masa ita da miya.

Wata jami'a ce ta can ta gayyace mu na mako guda. Suna da wani kogi da ake kira Tisa, mai hali irin na namu: ya kwanta lumui kamar ba shi ba, sai wata rana ya tashi ya cinye gonaki. So suke su nuna mana yadda suka yi jinga da ƙofofin ruwa suka shawo kansa. Takardar gayyatar ta ce malamin gona ɗaya da manoma biyu. Manoma suka zauna suka zaɓi Kawu da wani Usaini, mutumin da ruwa ya cinye wa gona shekara uku a jere. Ana saura sati uku mu tashi, sunan Usaini ya ɓace daga takardar, sunan Alhaji ya bayyana a gurbinsa. Babu wanda ya yi mamaki, har shi Usainin.

Wata injiniya mai suna Ilona aka haɗa mu da ita. Tana jin Turanci, ni kuma ina juya wa Alhaji da Kawu da Hausa. Watan Afrilu ne, su suna ce masa bazara, ni kuwa rigar sanyi biyu nake sawa a ƙarƙashin hijabi. Kwana biyar muna bin jinga a mota. Duk inda aka tsaya sai Kawu ya sauka ya auna faɗinta da taku, ya tsugunna ya murza ƙasar a hannu, ya sa ni in tambayar masa yadda suke hana ciyawa toshe magudana, don mu ciyawar kacala ta gama da mu. Alhaji ya bi mu rana ɗaya, aka ɗauke shi hoto da hular kwano, kashegari ƙafarsa ta fara ciwo. Ciwo ne mai hankali, ba ya tashi in za a je kanti.

Ranar Juma'a Ilona ta ce mana gobe babu aiki. Ita za ta tafi ƙauyensu, don ana bikin bazara, ranar da ake buɗe gangunan giyar inabin da aka matse bara. Ta ce ta san mu ba ma sha, ta faɗa ne kawai don kada mu neme ta mu rasa. Na juya musu.

Kawu ya ce, "A'uzu billahi. Allah ya kai ta lafiya."

Alhaji ya ce, "Za mu je."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bikin giya fa ta ce."

"Na ji, ai ba kurma ba ne ni. Shugaba ba ya gudun ganin ɓarna, Malama Adila. In ban gani da idona ba, me zan faɗa wa matasanmu in na tashi yi musu gargaɗi?"

Ƙafar ta warke a take. Ni dole in bi shi tunda ni ce bakinsa, Kawu kuma ya ce ba zai bar 'yar ƙanwarsa ta shiga garin mashaya ba tare da shi ba. Haka muka shiga mota da safe, Alhaji ya sha farar babbar riga mai aiki har ciki, ƙamshin turarensa ya sa direba ya sauke gilashi duk da sanyin.

Ƙauyen yana gindin wani tudu. Gaskiya gari ne mai tsafta, ba zan hana su wannan ba. Amma abin da suka taru a kai shi ne ya ba ni mamaki. A jikin tudun an haƙa ramuka a jere, kowanne da ƙaramar ƙofar katako, kamar gidajen gafiya da aka yi wa fenti. A ciki suke ajiye gangunan. Kowa ka gani ya rataya kofin gilashi a wuya da igiya, yana tafe yana lilo a ƙirjinsa kamar layar akuya. Su shiga wannan rami su fito, su faɗa na gaba.

Da a ce sha kawai suke yi, da na ce kowa da jarabarsa. Amma sai ka ga ƙaton mutum mai furfura, wanda ya isa ya yi jikoki, an zuba masa abin da bai kai maƙwarwa biyu ba. Ya ɗaga kofin sama ya leƙa shi a rana. Ya juya shi, ya juya shi. Ya cusa hancinsa ciki ya lumshe ido kamar wanda aka yi wa albishir. Sannan ya kurɓa, ya kuskure baki da shi, ya tofar a bokiti. Na tambayi Ilona me suke nema a ciki. Ta ce wani yana jin ƙamshin zuma, wani na fure, wani na jiƙaƙƙen dutse. Na juya wa Kawu.

Ya ce, "Jiƙaƙƙen dutse? To su zo Auyo da damina su shaƙa kyauta."

Masu goge suna ta fama a ƙarƙashin wata rumfa. Wasu mata sanye da zannuwa masu ado suna rawa suna juyi, sun yi kyau, sai dai masu kallon rabinsu sun fara tangaɗi tun hantsi bai gama dubawa ba. Hayaƙin naman alade ya cika layin, muka riƙa toshe hanci da gefen mayafi. Ilona, Allah ya saka mata, ta nemo mana inda ake dafa miyar kifi zalla da garin tattasai a wata ƙatuwar tukunya, ta tsaya a kan mai dafawar har ya rantse bai sa giya ko alade ba. Kawu ya ɗanɗana, ya tauna a hankali, ya ce kifin ya girma amma bai san wahala ba, shi ya sa ba shi da ɗanɗano. Ya ce tarwaɗa ɗaya ta kogin Haɗejia ta fi tukunyar gaba ɗaya. Duk da haka ya cinye, ya suɗe kwanon da burodi.

Shi kuwa Alhaji tun da muka sauka bakinsa bai huta ba. "Kun gani ko? Wa'iyazu billahi. Dubi wancan. Dubi waccan tsohuwar. Mutanen banza, sun sami duniya sun rasa abin yi da ita." Yana faɗa yana ɗaga waya yana ɗaukar kansa hoto da su a bayansa. Duk wanda ya tsaya kallon rigarsa sai ya buɗe hannuwa ya baje ta, ya tsaya a yi hoto da shi. Wata mata da ta sha ta yi tatul ta taɓa aikin wuyan rigar, ya ja baya yana istigfari, amma bai yi nisan da zai fita daga hoton ba.

Wajen sha biyu aka fara hayaniya a dandalin tsakiyar gari. Wasu dattawa kamar goma suka fito cikin jajayen alkyabbu da huluna masu kama da kifaffiyar tukunya, kowanne da ƙatuwar lamba a wuya. Ilona ta ce ƙungiyar masu girmama giyar garin ce. Kowace shekara sukan shigar da babban baƙo ɗaya cikinsu a gaban jama'a. Bana wani babban mutum suka gayyata daga Budapest, kuma yanzun nan ya aiko cewa ba zai samu zuwa ba. Sai zagaye suke suna duba agogo, ga alkyabba a hannu babu wanda za a yafa wa.

Nan idon shugabansu ya faɗa kan Alhaji, fari fat a tsakiyar taro kamar balbela a garken shanu. Ya matso ya tambayi Ilona ko wane ne. Kafin ta buɗe baki Alhaji ya dafa ƙirji ya faɗi kalmar Turancin da ya fi ƙauna a duniya.

"Ciyaman."

Ya juyo gare ni. "Gaya masa ni ne shugaban manoman kogin Haɗejia baki ɗaya, tun daga Kano har Yobe."

Na ce wa mutumin shugaban wata ƙungiya ne a garinmu. Amma rigar ta riga ta yi magana, ba a saurare ni ba. Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, sannan shugaban ya rusuna ya ce zai zama abin alfahari gare su in babban baƙo daga Afirka ya yarda a shigar da shi.

Fuskar Ilona ta yi ja. Ta ja ni gefe ta ce in yi masa bayani sosai, don akwai rantsuwa a ciki, kuma rantsuwar a kan giya ce. Ta ce babu wanda zai ji haushi in ya ƙi.

Na yi masa bayani. Na maimaita. Ya saurare ni yana kallon alkyabbar.

Ya ce, "Malama Adila, sarauta ce ko ba sarauta ba ce?"

"Ranka ya daɗe, ƙungiyar mashaya ce."

"Akwai alkyabba?"

"Ga ta nan kana gani."

"Akwai takarda?"

Na tambaya, aka ce akwai, har da hatimi.

"To sarauta ce. Ki ce musu na karɓa, amma ni ba na sha."

Kawu ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Da girmanka?"

"Malam Shu'ibu, kai harkar ƙasa da ƙasa ba ka san ta ba. Wannan ba ni aka girmama ba, Haɗejia aka girmama."

Kawu ya juya ya bar wurin. Ilona ta ruga kanti ta sayo ruwan inabi na kwali, irin wanda ake ba yara, ta buɗe a gabana ta zuba a kofin azurfar da za a miƙa masa.

Aka hau da shi kan dandamali. Aka yafa masa jar alkyabba a kan babbar riga, ya zama kamar buhun barkono da aka ɗora a kan na auduga. Suka so su cire hularsa su sa masa tasu, ya ƙi, sai aka ɗora ta a kai, hula kan hula. Shugaban ya ɗauko wani busasshen kututturen inabi ya dafa masa a kafaɗar dama da ta hagu, ya fara karanto rantsuwar. Ilona tana juya mini, ni ina tsaye a gindin dandamalin ina juya wa Alhaji da ƙarfi, don kada gobe ya ce bai ji ba.

"Ya ce za ka girmama giyar garin nan muddin ranka."

"Amin."

"Ya ce za ka yaɗa sunanta duk ƙasar da ka je."

"Amin, amin."

"Ya ce ba za ka taɓa surka ta da ruwa ba, kuma ba za ka tashi ka bar kofi da saura ba."

"Malama Adila, rage murya mana. Amin."

Ya shanye ruwan inabin yara, aka rataya masa lamba mai zanen nonon inabi, masu goge suka ɓarke, mashaya suka yi ta tafi suna ɗaga kofuna. Ya karɓi abin magana ya yi jawabi da Hausa na kusan minti goma, ya gode wa gwamnati da jama'ar ƙasar, ya yi alkawarin ƙulla zumunci. Ba wanda ya nemi in fassara, ni ma ban yi tayi ba.

Na duba ban ga Kawu ba. Hankalina ya tashi, don ko sunan masaukinmu bai iya faɗa ba. Ni da Ilona muka bi layin ramukan har ƙarshe, muka hau wata siririyar hanya da ta bi tudun. A can sama, inda kiɗan ya zama kamar kukan sauro, muka hango shi a tsugunne cikin gonar inabi tare da wani tsoho mai tsohuwar rigar sanyi da takalmin roba. Ilona ta ce baffanta ne, Layosh. Ta ce shekara shida ke nan bai sauka bikin ba.

Ba su da kalma ɗaya da suka haɗa, amma hira suke. Tsohon yana nuna masa tohon da ya fito a jikin reshe, ya yi baƙi ya lanƙwashe kamar an babbake shi. Ya murza ɗaya, ya zama gari a yatsunsa. Kawu ya girgiza kai, ya ɗora tafin hannu a ƙirjinsa don nuna inda ruwa yake kai wa in ya shiga gonarsa, sannan ya kwantar da hannun ya share iska, wato komai ya tafi. Tsohon ya gyaɗa kai. A gefe na ga butar ruwa da wankakken buhu a shimfiɗe. Ashe Kawu ya nuna masa rana ya ɗaga hannuwa, shi kuma ya gane, ya kawo masa ruwa, Kawu ya yi alwala ya yi azahar a nan.

Ilona ta yi mana tafinta. Kwana uku da suka wuce aka yi wani sanyin asuba da ya daskarar da raɓa, ya ƙone fiye da rabin tohon tudun. Tsohon da maƙwabtansa sun yi ta ƙona tattaka tsakanin layuka don hayaƙi ya kare, bai yi amfani ba. Bana dai an yi asara tun kafin a fara.

Na ce, "To waɗancan na ƙasa murnar me suke yi?"

Da ta juya masa sai ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce a cikin masu jajayen alkyabbun nan mutum biyu ne kawai suka taɓa riƙe almakashin aske inabi. Sauran kuwa, wani likitan haƙori ne, wani lauya, wani mai otal, duk daga birni suka zo suka saye ramukan. Ya ce ba su ma hau tudun sun ga abin da ya faru ba, don kada takalmansu su ɓaci.

Daga inda muke ana hango dandalin. Ga Alhaji can, ja a kan fari, ana ta layin hoto da shi. Tsohon ya nuna shi da haɓa, ya tambaya ko shi ma manomi ne a ƙasarmu. Kafin in amsa Kawu ya kama hannun tsohon ya buɗe shi, ya ajiye nasa a gefe, duk biyun sun yi kanta sun tsattsage. Sannan ya nuna Alhaji, ya shafa kumatunsa a hankali kamar mai shafa jariri. Tsoho Layosh ya yi dariya har da tari, ya juya ya tofar da yawu wajen gari.

Mun dawo Haɗejia ana tsakiyar zafi. Ni na zauna na rubuta rahoto shafi goma sha huɗu a kan jinga da ƙofofin ruwa, na kai wa Alhaji don ya kira taron manoma. Ya karɓa ya ɗora a kan buhun taki ya ce za a duba. Abin da ya kira shi ne walima. Aka buga kati: Alhaji Abdulganiyyu na gayyatar 'yan uwa da abokan arziki taya shi murnar naɗin da aka yi masa na Garkuwan Manoma na ƙasar Hungari.

Na je, don matarsa Hajiya Maijidda mutuniyar kirki ce kuma ita ta aiko mini. Bayan la'asar ne. An kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujeru, manoma sun zo daga Auyo da Kaugama a kan babura, wasu sai da suka tsallaka ruwa a kwalekwale. Mu mata muna cikin gida, amma ana jin komai ta lasifika. Alhaji ya fito da jar alkyabbar a wannan zafin, gumi na bin wuyansa, lambar tana ƙyalli. An sa takardar a gilashi, ana zagayawa da ita hannu zuwa hannu. Kowa ya karɓa ya ƙura mata ido ya ce ma sha Allah, alhali ko harafi ɗaya ba mai iya karantawa.

Ya ba da labari. Ya ce dubban mutane ne suka fito tarbarsa. Ya ce dattawan ƙasar sun yi shawara suka ga babu wanda ya cancanta sai shi. Bai ambaci jinga ba, bai ambaci kofi ba.

Da takardar ta iso hannun Malam Abdulwahid, limamin unguwar, sai ya juya ta sama da ƙasa. Mutum ne mai son ya san abin da zai sa wa albarka. Ya ce, "Alhaji, kafin mu yi addu'a, me aka rubuta a nan? Kuma wannan zanen 'ya'yan itacen fa?"

Alhaji ya ce, "Alamar albarkar noma ce, Malam."

"To madalla. An ce Malama Adila ce ta yi muku tafinta. Tana ciki? A kira ta ta karanta mana, jama'a su ƙaru."

Aka kira ni. Na tsaya a bakin zaure, ido ya yi mini yawa. Alhaji ya kalle ni, ya ɗan girgiza kai yadda ni kaɗai zan gani. Ba zan ɓoye ba, tsoro ya kama ni. Na ce, "Allah gafarta Malam, da harshensu aka rubuta, ni kuma ba na karanta shi."

Gaskiya na faɗa, kuma da a nan aka tsaya da na koma ciki na ci shinkafata. Sai muryar Kawu ta fito daga can baya.

"Ba ta karanta ba, amma ta ji. Adila, faɗa musu abin da kika ji. In ba za ki faɗa ba ni zan faɗa, kuma nawa ba zai yi daɗi ba."

Na faɗa. Na ce bikin buɗe gangunan giya ne. Na ce ƙungiyar ta masu girmama giyar garin ce, kuma wanda aka shirya wa alkyabbar ne bai zo ba. Na kawo rantsuwar guda uku kamar yadda aka yi ta, da amin ɗin da aka amsa. Can na ji wani ya fashe da dariya shi kaɗai, na duba, Usaini ne, ya rufe fuska da hula kafaɗunsa na rawa.

Liman ya ajiye takardar a ƙasa a hankali. Ya ce, "Tambaya ɗaya, Malama. Ya sha?"

Na ce, "Bai sha ba. Ruwan inabi na kwali aka zuba masa, a gabana aka buɗe."

Ban rufe baki ba Alhaji ya miƙe ya fizge abin magana.

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku! Ba ni na faɗa ba, ita ta faɗa. A tsakiyar mashaya dubu, an miƙo mini kofin azurfa, manyan ƙasa suna kallo, na ce ni Musulmi ne ɗan Haɗejia, ba na sha! Sai da suka canja abin da ke cikin kofin saboda ni. Wa ya taɓa yi musu haka?"

Wani daga cikin yaran kasuwarsa ya yi kabbara. Wasu suka amsa. Aka sake, amsar ta fi ta farko ƙarfi. Daidai nan aka fara fito da farantan shinkafa da naman rago, kuma duk wanda yake da sauran tambaya ya haɗiye ta da loma. Manoman da ruwa zai shiga gonakinsu nan da wata huɗu suka yi layi suna ba shi hannu, suna cewa Allah ya ja zamanin Garkuwa. Kawu ya tashi yana cewa a ba shi minti biyar ya yi maganar jinga, aka ce masa ya bari a ci abinci tukuna. Bayan an ci aka watse.

Liman bai yi addu'ar ba. Ya sa takalminsa ya tafi, bai taɓa farantin da aka ajiye masa ba. Shi kaɗai na gani ya yi haka.

A kasuwa an yi sati biyu ana kiran Alhaji Sarkin Giya, amma sai ya ba da baya. Da aka zo zaɓen ƙungiya aka sake zaɓensa babu hamayya. Ni kuma wata guda bayan walimar takarda ta same ni daga ofis cewa an mayar da ni Miga, wai ana buƙatar ƙwarewata a can. Ban tambayi wanda ya tuna da ƙwarewar tawa ba. Yanzu kullum sai na yi sammako na hau motar haya, in dawo gida da magariba.

A watan Fabrairun da ya wuce ina tsaye a tashar Haɗejia ina jiran mota ta cika, sai ga wata baƙar mota ta tsaya a gabana. Aka sauke gilashi. Alhaji ne, fuskar nan tana sheƙi.

"Malama Adila! Kin ɓuya. Ya Miga? Ya maigidan?"

Na gaishe shi yadda ya kamata.

Ya rage murya. "Dama ina nemanki. Yarinyar nan Ilona, kina da lambarta ko? Na ga lokacin taron namu ya kusa. So nake ki rubuta musu 'yar wasiƙa, ki tuna musu cewa ɗan majalisarsu na Afirka yana nan, ko za su aiko da gayyata. Ai bai kamata a yi babu ni ba."

Na dube shi. Da gaske yake yi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai tun da na koma Miga Turancin ya zube."

Ya yi dariya, ya ce in dai yi tunani, ya ɗaga gilashinsa. Kwandasta ya ƙwala kiran saura mutum ɗaya, na tattara jakata na shiga.